Asabar ɗin Baba a Saman Kantin Magani

Bayan zaftarewar ƙasar da ta binne ƙanena Wilmer tare da babur ɗinsa a hanyar fita garinmu Manizales, mahaifina Rosendo ya daina magana. Yana fita da tasinsa, yana dawowa, yana cin wake da shinkafar da na ajiye masa, shi ke nan. Ko a jana'iza bai zubar da hawaye ba.

Wata tsohuwar fasinjarsa, Doña Leonor, ita ta lura da halin da yake ciki. Ta ce ya zo ranar Asabar da safe wani ɗaki a saman kantin magani, inda mutane bakwai ko takwas ke zama shiru suna bin numfashinsu, ita kuma tana karanta musu kaɗan daga koyarwar addinin Buddha.

Da Gwaggo Eudocia, ƙanwarsa, ta ji labari, sai ga ta har gida.

"Yaya, an ce ka bar coci ka bi masu zama a ƙasa. Saura aske kai irin na malamansu!"

"Kan nan ai ya daɗe da aske kansa," in ji Baba, yana shafa sanƙonsa.

"Ba wasa nake ba. Kai mene ne yanzu?"

"Direban tasi. Lahadi kuma za ki gan ni a benci na uku, kamar kullum. Ba wanda ya nemi in zama wani abu. Zama kawai muke yi."

Wata Asabar na raka shi. Bayan an yi shiru, Doña Leonor ta ce duk abin da ya taso a zuciya a bar shi ya zo, a dube shi, a bar shi ya wuce. Sai na ji muryar Baba.

"Doña Leonor, fuskar ɗana ce ke zuwa. Ba na so ta wuce."

Tsohuwar ta ce, "To ka zauna da shi, Rosendo. Ba mai korarsa."

Nan Baba ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ce ya yi haƙuri. Suka ci gaba da numfashi a gefensa har ya gaji.

Da muka fito bai iya tuƙi ba. Muka bar motar a bakin titi, muka gangara gida a ƙafa cikin yayyafi. A hanya ya ba ni labarin ranar da aka haifi Wilmer, yadda ya ɓata hanyar asibiti sau biyu don ruɗewa, shi da ya san kowane lungu na garin. Muka yi 'yar dariya.

Da muka isa gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Wilmer, wanda ke kulle tun ranar jana'iza, ya ce, "Kawo mabuɗin, 'yata. Tsaya kusa da ni."