Dutsen da Ruwa Ya Rufe a Gozaki

Idan aka ba mutum amanar ƙarfe, sannan abincin danginsa ya kama ruɓewa a gaban idonsa, wanne zai saki? Na juya wannan tambaya har na gaji, ban samu amsa ba.

Ni bakanike ne a Funtua, manyan injuna nake gyarawa. Aƙilu, direban katafilar Alhaji Almustapha, shi ya kira ni Gozaki. Sabuwar hanyar da aka cike ta tare wa ruwa mafita, aka ce a fasa wani falalen dutse a bakin fadama domin ruwan ya bi ta can. Ana tsakiyar aikin gudumar da ke hannun katafilar ta rage bugu, sai ƙwanƙwasa kamar mai sallama a ƙofa.

Na taɓa jikinta, zafi rau. Mai na bin bakin ƙarfen yana ɗiga. Na auna iskar da ke ba ta ƙarfi, na tarar ta zurare. Robobin ciki ne suka cinye. Babu irinsu a Funtua, babu a Malumfashi, sai da aka aika Kano. Kafin su iso sama ta yi ta zuba. Ranar da na ɗaure noti na ƙarshe, na cika iska, na sa giris, gudumar ta buga har ƙasa ta girgiza. Amma dutsen ya riga ya nutse, ruwa ya kai ƙugu a kansa.

Na faɗa wa Aƙilu gaskiya: irin wannan guduma ba ta aiki cikin ruwa. Tana bugawa za ta zuƙe shi ciki, ta lalace lalacewar da ni ma ba zan iya gyarawa ba.

Gonar da ta fi nutsewa ta kawunsa ce, Malam Ɗanasabe, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Masarar ta fara goyo, ga ta tsaye cikin ruwa, ganyen ƙasa sun yi rawaya. Tsohon ya zo da wando naɗe, ya roƙi Aƙilu ya buga dutsen. Aƙilu ya ce kayan mutane ne, ba zai yi ba sai da izini. Alhaji kuwa yana Umara, wayarsa a kashe. Aƙilu ya ce a jira ruwa ya janye.

“Ya janye ta ina, Aƙilu?” in ji tsohon. “Ta cikin aljihunka?”

Aƙilu ya sunkuyar da kai. “Kawu, amana ce.”

“Na sani. Ni ma an taɓa ba ni wata.”

Tsohon ya shiga gonar, ya tuge masara ɗaya, ya shinshina saiwar, ya kawo mini. Ta yi baƙi, tana wari. Ya tambaye ni ko sauran za su tashi idan ruwan ya fita yau. Na ce ni ba manomi ba ne. Ya yi dariya kaɗan, ya ce ai kowa a ƙasar nan manomi ne, sai dai ba na son in faɗa masa.

Bayan la'asar hadari ya sake haɗowa daga gabas. Tsohon bai koma gida ba, yana zaune a gefen hanya da masarar a cinyarsa. Aƙilu ya sake gwada lambar Alhaji, ya sauke wayar. Ya matso kusa da ni ya tambaya, cikin ƙasa da murya, ko gudumar za ta jure har dutsen ya tsage. Na ce mai yiwuwa ta mutu kafin nan, kuma ko ya tsage, ban ga alamar masarar za ta rayu ba.

Ya jinjina kai. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in riƙe masa, kada ta jiƙe. Sannan ya hau katafilar, ya tayar, ya juya hannunta, ya sauke bakin gudumar cikin ruwan a hankali har ya ɓace.