Littafi na Huɗu

Da Rumaisa ta rasu ban yi kuka ba. Mata suka cika gidanmu a Gaya, kowacce ta shigo sai ta ce, "Kai, Kellu akwai tawakkali." Wane tawakkali? Ni dai ban ji komai ba ne. A ce min ci, in ci. A ce min tashi ga baƙi, in tashi. Shekararta goma sha shida, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, sikila ta ɗauke ta wata Laraba da hantsi.

Ranar sadakar uku na shiga ɗakinta, na tarar 'ya'yan masu gaisuwa sun zazzage kwalin littattafanta na rubutu, suna yagar takardu suna yin jirgi. Ita kuwa Rumaisa ba ta fara shafi sai ta rubuta bisimilla a samansa. Ga sunan Allah a ƙasa, ana bi ta kai da takalmi. Na yi abin da uwata ta koya min: na tattara su kaf, na kai bayan ɗaki, na ƙyasta musu ashana, na haƙa rami a gindin lemo na binne tokar. Ko ɗaya ban karanta ba. Babanta, Malam Kashim, ya leƙo ya ce na kyauta.

Sai bayan arba'in na ɗaga katifarta zan shanya, sai ga littattafan labari uku a ƙarƙashi, irin na kasuwa, sun sha hannu har sun yi laushi. A bangon akwai yarinya da hijabin makaranta, tana tsaye a gindin tsamiya, rana tsaka, amma ba ta da inuwa. Zuhra da Mutanen Tsamiya: na ɗaya, na biyu, na uku.

Na san su sarai. Na taɓa kama ta da ɗaya, na yi mata tatas. "Ke da ba lafiya ce ta ishe ki ba, shi ne za ki jawo mana aljanu cikin gida?" Ta ce, "Umma, wallahi labari ne kawai." Na ce in na sake gani, murhu zai shiga. Ashe nan 'yar ƙwal uba ta mayar da su.

Ni bokona a firamare ya tsaya, da yatsa nake bin layi. Na zauna a bakin gado na buɗe na ɗaya, don dai in ga shirmen da ke ciki. Har aka kira la'asar ban ɗora tukunya ba.

Zuhra 'yar makarantar kwana ce. Ta tsinki tsamiya da tsakar rana ba ta yi sallama ba, mutanen da ke ƙarƙashin bishiyar suka riƙe inuwarta. In tana so ta karɓo, sai ta riƙa shiga garinsu, inda ba a cin gishiri, kuma a kasuwarsu muryoyin mutane ake sayarwa a kwalabe. Duk shigar da ta yi, sai ta fito jikinta ya ƙara rashin nauyi. Shirme ne, na sani. Amma kullum Malam ya fita gona, ni kuma sai in jawo ƙofa in ɗauko.

Ba ni kaɗai nake karatun ba. Rumaisa ta bi gefen shafuka da jan biro. Inda wani aljani ya yi wa Zuhra alkawari ta rubuta, "Ƙarya yake, kar ki yarda!" Inda ƙasusuwan Zuhra suka yi sanyi ta rubuta, "Haka nake ji in ciwo ya tashi." Inda uwar Zuhra take masifa kuwa, cewa ta yi, "Sak Umma. Faɗa kamar me, amma ita ke ajiye mata ƙanzo." Na daɗe ina kallon wannan layin. Wani abu ya ɗan motsa min, irin na ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, sai kuma ya kwanta.

Sati biyu na yi na cinye ukun. A shafin ƙarshe Zuhra ta karɓo inuwarta, tana gudu, ƙofar gindin tsamiya tana rufewa. Uwarta na waje, ba ta ganin komai sai bishiya, tana ta kiran sunanta. Shi ke nan fa. Wai a nemi na huɗu.

Na ce, "Amma matar da ta rubuta littafin nan ba ta da kirki." A ƙasa Rumaisa ta rubuta, "Fauziyya, kwantar da hankalinki, na huɗu yana nan."

Na birkita ɗakin, babu. Tun rasuwar ban so komai ba, ko ruwa sai an miƙo min. Ranar na so abu ɗaya: in san ko yarinyar nan ta koma wajen uwarta.

Fauziyya ƙawar Rumaisa ce, 'yar Ajingi, ajinsu ɗaya lokacin da take zaune wajen gwaggonta a unguwarmu. Na ce wa Malam zan je kasuwar Ajingi sayen gyaɗa, tunda ƙuli-ƙuli nake yi. Ya ji daɗi, ya ce ai gara in riƙa fita. Na shiga mota, aka matse ni tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji, ban ko gyara zama ba har muka isa.

Hanne, uwar Fauziyya, ta shimfiɗa min tabarma, ta sake yi min gaisuwa, ta yi hawayenta. Ni ina kallon bakinta kawai. Da Fauziyya ta zo ta durƙusa, ko amsa gaisuwar ban gama ba na ce, "Na huɗun Zuhra na zo karɓa."

Ta zaro ido. "Umma, ke ma kin karanta?"

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Yana ina?"

"Ai ba a fitar da shi ba, Umma. Shekara biyu muna jira, mai rubutawar ta yi shiru." Ta goge ido da gefen hijabi, har da ɗan murmushinta. "Shi ne Rumaisa ta ce ita ba za ta bar Zuhra a can ba. Da kanta ta rubuta na huɗun, duk lokacin da take kwance. Ki duba kwalin littattafanta. Wani ne mai koren bango, mai kauri. Ta rubuta Kimiyya a kansa don kar ki gane."

Na tuna shi. Shi ne ya ƙi cin wuta saboda kaurinsa. Da kara na riƙa buɗa shi ina juyawa, don kar sunan Allah ko ɗaya ya saura.

Na ce, "Kin karanta?"

"Ta hana ni. Ta ce ke za ta fara karanta wa, in ta dace da ranar da ba kya faɗa."

"Ko da baki ba ta gaya miki ba? Zuhrar ta fito?"

"Na tambaye ta har na gaji, dariya kawai take min." Ta matso kusa. "Umma, in kin gama, don Allah ki ara min."

Na ce, "To."

Ban shiga kasuwa ba. Da na dawo Malam na zaune a soro, ya ce ina gyaɗar. Na wuce shi zuwa bayan ɗaki. An yi ruwa sau uku ko huɗu tun ranar, har ciyawa ta tsiro a wurin. Na tsuguna na tona da hannu. Baƙar laka ce kawai, ta shiga farcena.

Na miƙe. Ba komai a gabana sai bishiyar lemo. Na ce, "Rumaisa." Na sake faɗa da ƙarfi, yadda nake kiranta in abinci ya sauka. A na uku ne na fasa kukan da har maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar wa ya rasu.