Wurin Hannun Gwaggo

Ƙafafun gaba na abin sun shiga, na baya suka ƙi. Auta ta tura, ta ja, ta karkata shi gefe, sai ƙafa ɗaya ta hau kan wani tumatir mai ɗauke da 'ya'ya, ya kwanta.

"Kin kashe ɗaya," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, tana riƙe da ƙyaure hannu bibbiyu. "Ci gaba, saura ɗari."

Mai Walda yana kan tsani ta bayan katanga yana gyaran kwanon rumfarsa, komai a kan idonsa aka yi. Ya san abin, irin madogarin nan ne mai ƙafa huɗu da ake ba marasa lafiya a asibiti. Aikin ya yi kyau, shi ma ya yaba a ransa. Sai dai wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin lambun Gwaggo ba.

Lambun bai wuce faɗin ɗaki uku ba, amma abin da ke ciki ya ishi gona. Shekara arba'in tana cusa shuka a cikinsa. Albasa a gindin barkono, alayyafo a ƙarƙashin kuɓewa, kabewa tana ratsa kowa ba sallama. Hanyar da ta bari tsakanin fangali da fangali tafin ƙafa ɗaya ce, ita ma don ba yadda za ta yi ne. Gwaggo ta tsani ganin ƙasa a zaune ba aiki kamar yadda wasu suka tsani ƙarya.

Sai jiri ya same ta. Likita ya ce a cikin kunne matsalar take, kuma ba warkewa za ta yi ba. Tana tsaye lafiya lau sai ƙasa ta juya mata. Makon da ya wuce ta faɗi cikin barkono, sanda ta yi gabas ita ta yi yamma, ƙugunta ya kumbura. Abin da ya taso Auta, ƙaramar 'yarta, daga wurin aiki ke nan da wannan madogari a bayan mota.

"Inna, abu biyu ne," Auta ta ce tana haki. "Ko a cire rabin shukar nan a buɗe hanya, ko ki tattara mu tafi gidana."

"Gidanki na hawa na uku? In shuka me a can, takalma?"

"Ki huta."

"Hutu yana nan zuwa, ba sai kin kai ni da mota ba. Ɗauke mini keken koyon tafiyar nan, na yi nawa tun ba a haifi ubanki ba."

Mai Walda bai yi niyyar sa baki ba. Amma tun yana saurayi ya tare a gidan da ke jikin na Gwaggo, kuma duk 'ya'yansa da ganyen lambun nan suka girma. Ya yi gyaran murya.

"Auta, ki ba ni kwana uku. In abin bai shiga lambun ba, sai a yi wa lambun nasa."

Auta ta ɗago ta dube shi, idonta ya yi ja. Ba mugunta ce ke damunta ba, tsoro ne, shi ma ya gani.

"Yaya, na ji. Amma ka zama shaida. Faɗuwa ɗaya. Ta ƙara faɗuwa sau ɗaya, ranar zan ɗauke ta ko tana tsine mini."

"Na yarda," in ji Gwaggo. "In kuma ban faɗi ba, ba mai taɓa mini ko ganye."

Da haka Mai Walda ya sauko daga tsani da kayan da ya fi kwanon rumfa nauyi.

Washegari ya shigo da tef da igiya da tsofaffin bututun ruwa. Shi mutum ne mai alfahari da miƙaƙƙen layi, ƙofar da ya haɗa ba ta taɓa karkacewa ba. Ya ja igiya ɗoɗar daga bakin ƙofa zuwa bishiyar lemun tsami da ke ƙarshen lambun, ya ce nan ƙarfen riƙewa zai bi, turke kowane taku uku.

Gwaggo ta bi igiyar da ido.

"Turkenka na biyu a kan albasata zai sauka. Na huɗu a kan kuɓewa."

"Gwaggo, albasa biyu ce fa."

"Kai da 'yata bakinku ɗaya ashe. Ita rabi, kai biyu-biyu. Kuma wa ya ce maka a miƙe nake tafiya? Naɗe igiyarka, maƙerin zamani. Ka dawo gobe da safe in na gama ban ruwa, ka zo da idonka, ka bar tef a gida."

Ya ji haushi, ba ƙarya. Shekara talatin yana sana'a, yau tsohuwa ta kore shi da igiyarsa a hannu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ya dawo da safen.

Ta riƙe kafaɗarsa da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, suka yi zagayen ban ruwa. Da suka dawo bakin ƙofa ta ce ya waiwaya. A jiƙaƙƙiyar ƙasar ga sawunta nan yana lanƙwasa, ya kauce wa wannan, ya zagaye wancan. A gefen sawun kuma ga 'yan ramuka inda sandarta ta sauka. Ya tsuguna ya duba. Ramukan ba na yau ba ne, sun yi zurfi, bakinsu ya yi santsi. Kullum a wuri ɗaya take dasa sandar, kuma a duk lambun nan ne kaɗai ba abin da ya tsiro.

"Ga wurin turakunka," ta ce. "Na daɗe da haƙa maka."

A cikin ramukan ya kafa su. Ya gasa bututun ya lanƙwasa shi yana bin sawunta, ya auna tsayinsa da ƙugunta. A gindin lemun ya haɗa ɗan benci mai faɗin mutum ɗaya. Ya shafa koren fenti. Da ya ja baya ya dubi aikin, sai ya ga abu a karkace kamar hanyar tururuwa, ya roƙi Allah kada wani abokin sana'a ya leƙo. Ko ganye ɗaya bai karye ba.

Gwaggo ta jingine sanda a bango, ta kama ƙarfen, ta tafi. Akwai zoben azurfa a yatsanta, duk inda ta sauke hannu sai ya ce ƙwal. Ta kai gindin lemu ta zauna, ta dube shi daga can.

"Ba laifi," ta ce.

A bakin Gwaggo wannan lambar yabo ce, kuma ya kwana biyu yana jin daɗinta.

Bayan wata guda ya leƙo ta katanga ya ga abin da ya kusa sa shi faɗowa. A gindin kowane turke ta shuka wake mai yaɗo. Ya riga ya hau, ya naɗe ƙarfen da aka yi don hannunta.

Ya zagayo ko takalmi bai sa daidai ba.

"Gwaggo, me zan gani haka? Na yi miki abin riƙewa kin mai da shi rumfa?"

"Ƙarfe yana tsaye a rana ba aikin fari ba na baƙi, in zuba masa ido?"

"Aikinsa ke nan, ya riƙe ki! Ki kai hannu ki damƙo ganye ya zame, me zan ce wa Auta? Ni ne fa shaida."

"To shaida, zo ka gani."

Ta kai shi turke na farko. Wake ya rufe ko'ina, ban da wani wuri mai faɗin tafin hannu. Gaba kaɗan ga wani, gaba ga wani. Ashe kowace safiya sai ta bi ta warware duk zaren da ya miƙo wurin da hannunta yake sauka, ta mayar da shi gefe.

"Ba a fizgarsa," ta ce tana nuna masa da yatsa. "Ta inda ya naɗo za ka bi shi a hankali, ka nuna masa wata hanya. Shi ma so yake ya riƙe wani abu, kamar ni."

Ya ƙirga wuraren, goma sha tara. Ya ga hali zanen dutse ne, ya koma rumfarsa.

Daga ranar ya samu sabon aiki wanda ba wanda ya sa shi. Rumfarsa tana jikin katangar, don haka kowace safiya kafin ya tayar da inji sai ya kasa kunne. Ƙwal, shiru, ƙwal. Goma sha tara zuwa, a daɗe, goma sha tara dawowa. Sai ya ji na ƙarshe yake sa tabarau ya kama aiki. Wani lokaci ƙarar takan tsaya a tsakiya, ya san jirin ne ya zo, ya tsaya cak har ya ji ta ci gaba. Masu kawo gyara sun saba, in sun tarar da shi ya ɗaga yatsa sai su yi shiru.

Auta takan zo ƙarshen mako. Tana gaishe da uwar tana satar kallon gwiwar zaninta da gwiwar hannunta.

"Duba da kyau," Gwaggo takan ce, "har bayan kunne." Sannan ta cika mata bayan mota da kabewa.

Aka ci waken nan, aka ci na bayansa. Fentin wuraren goma sha tara ya goge, ƙarfen ya fito fari yana sheƙi. Gwaggo kuma tana ta ƙanƙancewa. Wata safiya ta kira shi ta katanga.

"Maƙeri, ƙarfenka ya ƙara tsawo."

Ya dube ta, ya ga yadda bayanta ya ranƙwafa.

"Laifina ne, Gwaggo. Irin bututun nan haka yake, in ya sha ruwa sai ya girma."

"Na faɗa a raina. Aikin 'yan zamani."

Ya yini yana yanke turakun ɗaya bayan ɗaya yana rage musu yatsa huɗu, yana ɗaga waken da hannu kada wuta ta taɓa shi. Tana zaune a benci tana ba shi umarni, har da yadda ake riƙe abin walda.

Kwana tara bayan haka, ranar wata Laraba, ya ƙirga goma sha tara zuwa. Ya jira. Rana ta hau katanga. Wani mai babur ya kawo salansar babur ɗinsa gyara, Mai Walda ya ɗaga masa yatsa. Ya ƙara jira har mai babur ya gaji ya tafi. Sannan ya ajiye tabarau ya zagaya.

Tana zaune a bencin, bayanta a jikin lemun, ƙaramar roba a cinyarta da kuɓewa bakwai a ciki. Hannunta na dama yana kan ƙarfen, a wuri na goma sha tara. Ya kira ta sau biyu. Ya taɓa hannun, sai ya tsuguna a gabanta ya yi mata addu'a, hawaye yana bin gemunsa.

Da ya miƙe, kafin ya kira kowa, sai da ya bi hanyar da ido. Sawunta yana nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba inda ya goce. Ba reshen da ya karye. Zaninta ba ƙasa ko ta ƙwayar gero.

Matan maƙwabta sun riga sun shigar da ita ɗaki lokacin da Auta ta iso. Ta fito daga wurin gawar ta same shi a bakin ƙofar lambu.

"Yaya, don Allah kada ka rufe ni. Faɗuwa ta yi?"

"Zo," ya ce.

Ya sa ta gaba. Hanyar ba ta ɗaukar mutum sai ya riƙe wani abu, don haka hannun Auta ya riƙa sauka a wuraren nan masu sheƙi ba tare da ta lura ba. Ya nuna mata sawun, ya nuna mata barkonon da ke tsaye, ya nuna mata bencin da robar kuɓewa a kai.

"Wata goma sha ɗaya," ya ce, kuma bai iya hana muryarsa ɗagawa ba. "Ko sau ɗaya. Da ƙafarta ta zo nan, ta yi aikinta, ta zauna. Uwarki ba ta faɗi ba, Auta. Zama ta yi."

Auta ta zauna a bencin ta rungume robar, ta yi kuka mai yawa. Da ta share ido sai ta yi 'yar dariya.

"Ta ci ni ke nan."

"Ta ci mu duka."

"To ba mai taɓa ko ganye," ta ce. "Kai ne shaida."

Sai bayan mako guda, da baƙi suka ragu, ya samu shiga da bokitin ban ruwa. Lambun bai san an yi rashi ba, kabewa har ta haye hanya. A wuri na farko, kusa da ƙofa, wani siririn zaren wake ya miƙo ya yi wa farin ƙarfen naɗi biyu. Mai Walda ya ajiye bokiti, ya kai yatsa ta inda ya naɗo, yadda aka koya masa. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannunsa, ya ɗauki bokitin ya zuba ruwa a gindin turken.