Ƙahon Jatau

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonata ta Maradun, na koma neman aikin tuƙin tifa a kamfanin da ke haƙa hanyoyin ruwa. Tuƙi kam na iya. Matsalar ita ce ba sa ɗaukar mutum sai likitansu ya auna shi, ni kuwa an taɓa gaya mini a asibitin Mafara cewa jinina yana hawa. Ban yi mamaki ba. A gidanmu shi kaɗai ne abin da ke hawa.

Kubura matata ta ɗauki abin da zafi. Ta janye gishiri da kanwa daga miya, ta ɓoye goro, ta tsare ni da soɓorodo ba sukari da tafarnuwa safe da yamma. Abokaina suka koma gaishe ni daga nesa.

Ana jibi awo na biya wurin Jatau wanzami aski, na ba shi labari.

"Arzika, ashe kai ma wawa ne," in ji shi. "In rafi ya cika, mi aka yi mai? Roƙo nai aka yi?"

"Buɗe mai hanya aka yi."

"To tuɓe riga."

Ya jera mini ƙaho daga wuya har kwankwaso. Da ya gama ya dubi ƙasa, ya ce jinin ga baƙi ne ƙwarai, ya kamata a ƙara. Washegari na koma aka ƙara, don ni mutum ne mai son inganci.

Ranar awo na isa ina jin kaina sakayau kamar buhun ƙaiƙayi. Likitan Bature ne. Ya ɗaura mini robar nan ta awon jini a damtse, ya matsa, ya saurara. Tafinta ya ce, "Ya ce jininka bai hau ba ko kaɗan."

Na miƙe in yi godiya yadda ta dace. Abin da na sani ke nan, sai na farka a kwance ana yi mini fifita da kwali. Likita ya ja fatar idona ƙasa, ya juya ni ya ga bayana kamar an yi wasan dara a kai, ya daɗe yana magana.

"Mi ya ce?"

"Ya ce mutumin da ba ya iya tsayuwa ba a ba shi tifa. Ka je ka ci hanta, ka nemo jini."

Kafin in nemo, an ba wani Zubairu motar, mutumin da goro ba ya barin bakinsa.

Ranar kasuwa Jatau ya hango ni.

"Yaya awo? Ya hau?"

"Bai hau ba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ka riƙa gaya ma mutane."