Kabewa a Ragar Gola

Injiniya Falalu yana tsaye a kicin ɗin gidansa da ke unguwar Erdington a Birmingham, waya a kunne, ido a kan taga, ya shirga ƙarya ba tare da ya ko ƙifta ba.

"Tana nan, Kyaftin. Kamar ranar da aka ba ni ita."

Mai kiran Nehemiah ne, tsohon kyaftin ɗin Hapoel Gan Limon, wani kulob da babu wanda ya taɓa jin sunansa a Birmingham in ba iyalan Falalu ba, su ma don dole. Kulob ne na ma'aikatan wata masana'antar tattara lemo a Isra'ila, yana buga wasa a rukunin ƙarshe, inda duk mai takalmi ɗan wasa ne. Falalu ya je ƙasar yana saurayi koyon aikin ban ruwa, aka ga tsawonsa, aka tura shi tsaron gida ba tare da an tambaye shi ko ya iya ba. Bai iya ba. Amma an so shi, shi ma ya so su: Yahudawan Yaman da na Maroko, da Larabawa biyu 'yan uwan juna, Abdurrahim da ɗan'uwansa, da koci Gamaliel mai tsawa kamar hadari. A 'yan shekarun nan ba ko'ina yake ba da wannan labari ba, amma a gida kam kowa ya haddace.

Da masana'antar ta rufe, aka sayar da filin, kulob ya mutu. Ranar rabuwa Gamaliel ya yi ƙuri'a a cikin hularsa, kowa ya ɗauki abu guda na kulob, da alkawarin zai riƙe shi amana. Wani ya sami usur, wani tutar kusurwa. Falalu ya sami raga. Ya kai ta Kano, ya kawo ta Ingila, ta yi shekaru a akwati ƙarƙashin gado.

Yanzu ga ta can a lambun bayan gida, an ɗaure ta tsakanin katanga da rumfa, yaɗon kabewar matarsa Zinatu ya bi kowane rami nata. Manyan kabeyi sun yi zamansu a ciki, sun ja ta ƙasa.

"Ina Manchester yanzu wajen 'yata Zoe," in ji Nehemiah. "Idona ya kusa tafiya. Ka kawo min ita ranar Asabar in taɓa."

Falalu ya ajiye waya ya nufi falo da murya mai laushi, irin wadda yake amfani da ita in yana son wani abu.

"Maman Hanan, wannan kabewar taki ai ta nuna, ko?"

"Ba ta nuna ba."

"To ko za mu ɗan sauke ta, just for the weekend?"

Zinatu ta cire tabarau ta dube shi. "Baban Hanan, irin nan daga Dawakin Kudu na sa aka kawo min. Tun March nake fama da shi a kan window kamar jariri. Ka taɓa ganye ɗaya, wallahi bana ba ka ba miyar taushe."

"Amana ce fa!"

"Lokacin da na tambaye ka, cewa ka yi ɗauki, it's just taking space."

Haka ya faɗa kuwa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya fita lambu ya zagaya ragar, ya gwada zare reshe ɗaya a hankali, reshen ya ce ƙas. Ya waiga da sauri, ya tura shi cikin ganye.

Mai hankali da sai ya sake kiran Manchester ya faɗi gaskiya. Falalu injiniya ne, sai ya nemi dabara. Ya sayo sabuwar raga a shagon kayan wasanni, ya jiƙa ta a bahon wanka da ganyen shayi har na baƙi, ya tattake ta a taɓo, ya bi ta da mota gaba da baya a ƙofar gida. Zinatu tana kallo ta taga tana dariya har da riƙe ciki.

"Ka ƙara mata daddawa, ta yi warin tsufa!"

Ranar Asabar ya kama hanya da ragar a jaka, ya hau babban titin M6. Ba tonon asiri kaɗai yake tsoro ba. Nehemiah ne mutumin da ya riƙa tsayar da atisaye idan lokacin salla ya yi, ya ce kowa ya sha ruwa har gola ya idar. Kunyar wannan mutumin yake ji.

A unguwar Withington ta Manchester, Zoe ta buɗe masa ƙofa ta kai shi ɗaki. Kyaftin ya tsufa, ya rame, amma muryar tana nan. Ya rungume Falalu ya laluba kansa.

"Ina gashin?"

"Ya bi kulob, Kyaftin."

Suka yi dariya har da tari. Suka tuna ranar da aka zura musu tara, Gamaliel ya ce an samu ci gaba. Suka tuna kofi ɗaya tilo da suka taɓa ɗauka, don motar abokan karawarsu ta lalace a hanya. Sai Nehemiah ya miƙo hannu, Falalu ya ɗora masa ragar a cinya.

Tsohon ya bi ƙullin da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ta hanci. Fara'arsa ta ragu.

"Wannan shayi ne," ya ce. "Tamu mahaifin Abdurrahim ne ya saƙa ta, masunci ne, ƙullinsa biyu-biyu." Ya ture ta gefe a hankali. "Ba komai, Falalu. Na kira duk wanda ya rage. Usur ya ɓata. 'Ya'yan Gamaliel sun zubar da kofin bayan ya rasu. Ni ƙwallo na samu, ta ruɓe a hannuna. Filin ma wurin ajiye motoci ne. Na ɗauka ko kai."

Da tsohon ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Falalu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ba ta ɓata ba, Kyaftin. Tana gida. Kabewa ce a kanta."

"Me?"

"Kabewar matata. Ta hana ni cirewa."

Nehemiah ya ɗaga murya kamar yana tsakiyar fili. "Zoe! Kawo min takalmina!"

Zoe ta ce Birmingham da nisa, ga maganin la'asar. Ya ce ta sa maganin a aljihu. Haka suka taho su uku, Falalu yana tuƙi yana addu'ar Allah ya sa Zinatu ba ta fita ba, ya kuma sa ta fita.

Tana nan. Ta tarbe su da fara'a, ta ce wa tsohon sannu da hanya Baba, ta harari mijinta a kaikaice, ta buɗe ƙofar lambu. Falalu ya riƙe hannun Kyaftin har gaban ragar. Nehemiah ya cusa yatsu cikin ganye, ya kamo zare, ya sami ƙulli, ya sami na biyu kusa da shi. Ya daɗe a haka, hawaye yana bin gemunsa. Sai hannunsa ya ci karo da wani abu mai nauyi, ya shafa shi. Ya matsa gaba ya shafa wani, ya sake samun wani.

Ya fashe da dariya.

"Falalu! Har yau komai wuce ka yake yi ya shiga raga!"

Zinatu ta yi dariya har ta jingina da katanga. Da ta natsu, ta shiga kicin ta fito da almakashi.

"Baba, ban san haka abin yake ba. Bari in sare, ku tafi da kayanku."

Falalu ya buɗe baki don mamaki. Amma Nehemiah ya laluba ya riƙe yaɗon da hannu biyu, ya tare shi da jikinsa.

"Kada ki taɓa, 'yata. A bangon ɗakina me za ta yi? Duk cikinmu ita kaɗai ce har yanzu take fili."