Masu Kala a Bayan Injin Ila

Tun ranar da Ila ya turo bidiyon, wayar Hajiya Hansai ba ta huta ba. Duk wadda ta shigo gidan nan na Unguwar Kanawa, ko da aron turmi ne ya kawo ta, sai an zaunar da ita ta kalli ɗan wan Hajiya zaune cikin ɗakin gilashi a saman injin girbi, alkama tana kwanciya a gabansa.

Shamsuddeen, ɗan Hajiya na cikinta, yakan tashi ya shige ɗaki da zarar ya ji ƙugin injin ya fara fita daga wayar. Tare suka nemi aiki da Ila a kamfanin da ke ba da hayar injinan noma a hanyar Zariya. Shi ya je da diflomarsa ta aikin injinan gona a cikin leda, Ila kuwa ya je da lasin da shekara tara na jan tifa. Aka ɗora Ila a kan injin, aka tura shi wata babbar gonar alkama a Jigawa. Shamsuddeen aka miƙa masa makullin sito, tare da alkawarin cewa idan kujerar direba ta samu, shi ne na gaba.

Ranar Talata da la'asar mahaifiyar ta rutsa shi a tsakar gida, tana tare da maƙwabciyarsu Harira.

"Zo ka bayyana wa Harira, kai da ka yi karatun abin. Wai da gaske shi kaɗai yake yanka, ya sussuke, ya sheƙe?"

"Da gaske ne, Umma."

"Kin ji ko? Kuma Ila ne ke juya shi da hannu ɗaya. Yaron nan tun yana ƙarami hannunsa ke da albarka."

Dole ta sa ya karɓi wayar. Mai ɗaukar hoton ya zagaya ta bayan injin, inda ƙaiƙayi ke fita, sai ga mata masu kala sun fi ashirin suna biye da shi a sunkuye. Harira ta ce Allah ya yi wa mai gonar albarka da ya bar talakawa suna tsinta. Shamsuddeen dai kwanukansu yake kallo. A cike suke, wata ma har ta kwance ɗankwali tana zubawa.

Ya mayar da bidiyon baya sau uku. Injin da aka saita daidai ba ya bar wa mai kala abin da ya wuce cikin tafi. Ya tuna cewa aikin ƙarshe da injin ya yi na masara ne, kuma masara tana son iska mai ƙarfi. Ba wanda ya rage fankar injin. Alkama ba ta da nauyin masara, saboda haka iskar tana kwashe ta tare da ƙaiƙayi tana watsarwa a ƙasa. Ila yana can gaba cikin sanyi, bai san abin da ke faruwa a bayansa ba.

Wani abu mai daɗi ya ratsa ƙirjin Shamsuddeen, har ya ji tsoron kada ya fito a fuskarsa. Ya ji a ofis cewa mai gonar zai je dubawa ranar Alhamis tare da manajan kamfanin. Dokar kamfanin kuwa sananniya ce: direban da ya zubar da amfanin mutane sauke shi ake yi. Ba sai ya yi komai ba. Shiru na kwana biyu ya isa.

"Me ka gani?" in ji mahaifiyarsa.

"Babu komai. Yana ƙoƙari."

Washegari a sito ya kasa aiki. Ya jera bel-bel na injina, ya sake jerawa. Ya rubuta wa manaja saƙo mai tsawo da lambobin saitin fanka, ya karanta, ya ga kamar ƙara ce, ya goge. Ya sake rubuta gajere, ya tsaya yana tunanin abin da zai ce idan aka tambaye shi yaushe ya lura. Abin da ya fi cin ransa shi ne, ko an sauke Ila, za a ce ƙaddara ce. Babu wanda zai san cewa shi daga Kaduna, a cikin waya mai tsagaggen gilashi, ya ga abin da mai hannun albarka bai gani ba. Yana son Ila ya ji wannan daga bakinsa.

Bayan azahar ya kira shi. Ila taubashinsa ne, bai taɓa gaishe shi ba tare da tsokana ba.

"Injiniya mai gadin kusoshi. Ɓera bai cinye maka sifana ba dai?"

"Ila, tun da ka fara girbin nan ka taɓa sauka ka duba bayanka?"

"Me zan duba? Mai tuƙi gaba yake kallo, ɗan mace. Ba a koya muku a makaranta ba?"

"Alkamar mutane kake zubarwa. Fankarka tana kan saitin masara. Dubi kwanukan matan da ke bin ka."

Ƙugin injin ya mutu. Shamsuddeen ya ji ƙarar ƙofa, ya ji takun ƙafa a kan kara. Ya gyara zama yana jiran muryar Ila ta karye.

"Kai, ashe shi ya sa kullum suke ƙaruwa," in ji Ila, yana dariya. "Ni na ɗauka farin jinina ne. To faɗa mini, ina zan murɗa?"

Ya faɗa masa dalla-dalla: ya rage fanka, ya ɗan matse rariyar ƙasa, ya rage gudu, ya shimfiɗa buhu a bayan injin ya ƙirga ƙwayar da ta faɗo. Ila ya ce Allah ya saka, ya ce ashe takardar diflomar ba ta kunna wuta kaɗai ba ce, ya kashe waya. Duka maganar ba ta kai minti shida ba.

Ranar Asabar direban kamfani ya sauke rabin buhun alkama a ƙofar gida, saƙon Ila ga gwaggonsa. Hajiya ta aika aka niƙo, ta kwaɓa funkaso, ta kira Harira. Akwai sabon bidiyo. A cikinsa manaja yana dafe da kafaɗar Ila yana cewa bai taɓa ganin direban da ya gano matsalar injinsa da kansa ya gyara a tsakiyar gona ba, kuma shi za a tura gona ta gaba.

"Ka ji ko, Shamsu? Da kansa. Idan ya dawo ka riƙa zama kusa da shi, za ka ƙaru."

Shamsuddeen ya karɓi wayar. A bayan injin mata biyu ne kawai suka rage, kwanukansu a hammata, suna tafe suna duban ƙasa. Bai daɗe a kansu ba. Idonsa ya koma kan ɗakin gilashin, ya tsaya a nan har bidiyon ya ƙare.

"Ci mana tun da zafi," in ji mahaifiyarsa, ta turo masa faranti. "Alkamar ɗan'uwanka ce."

Ya gutsuri funkason, ya daɗe yana taunawa.