Langar Mama Ndedi

Harbin farko ya tashi ne lokacin da Hawa'u ke kankare gindin buhun gero da ludayi. Ko cikin tafin hannu bai fito ba. Ta yi jifa da ludayin, ta leƙa taga. Hayaƙin tayoyi ya turnuƙe unguwar New Bell ta birnin Duwala, yajin aikin direbobi kan tsadar fetur ya shiga kwana na uku, kasuwa a rufe, ba tasi, ba bensikin, wato acaɓa.

A kan gado jaririn ya sake tsanyara kuka. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki.

"Yaya, ba abin da ke fitowa," in ji Khaulat, muryarta can ƙasa. Matar ƙanin Hawa'u ce, kwananta tara da haihuwa, tun jiya ruwan zafi kawai ta sa a cikinta. Mijin kuwa, Zakariya'u, tun ranar Litinin ya maƙale a garejin manyan motoci na Bassa.

Daga Gusau Hawa'u ta zo jego, da geronta, da kanwarta, da daddawarta, ta kuma rantse ba abincin garin nan da zai wuce maƙogwaronta. Ranar suna maƙwabciyarsu Mama Ndedi, 'yar ƙabilar Duwala, ta aiko da langa cike da wata baƙar miya. Hawa'u ta ɗaga murfi, ta yamutsa fuska, ta mayar da ita yadda ta zo. Tun ranar matar ba ta ƙara amsa gaisuwarsu ba.

Yanzu ga ƙamshin miyar nan yana tsallako katanga.

Hawa'u ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Ina za ki, Yaya? Jandarma na bakin layi!"

"Su ci kansu. Yaron nan sai ya sha nono yau."

Taku ashirin ne tsakanin ƙofofin biyu, amma barkonon tsohuwa ya riga ta zuwa. Ta tsallake kwata idonta a rufe, takalmi ɗaya ya faɗa ciki, ta bar shi. Ta dinga dukan ƙofar kwano har aka zare sakata.

Mama Ndedi ta dube ta daga sama har ƙasa. A cikin Hausawa ta girma, Hausar na bakinta.

"Wèè! Hajiyar Najeriya ce da ƙafa ɗaya?"

"Mama, mai jego ba ta ci komai ba. Nono ya ɗauke."

"To ai guba nake dafawa. Ba ke kika mayar ba?"

"Na yi kuskure. Ki yi haƙuri."

"Kuskure! A nan, ma soeur, ko maƙiyinki ya kawo langa, kya ɗanɗana ki wanke ki mayar. Ke kika sa 'yan layi suka yi mini dariya." Ta janyo kujera 'yar tsuguno da ƙafa. "Zauna. Ba abin da zai fita gidan nan sai kin ci a gabana."

Hawa'u ta zauna. Ta dubi tukunyar. "Me ke ciki?"

"Ganye, gyaɗa, busasshen kifi, jatan lande. Naman kuma Sali mahauci ne ya yanka, limamin layinku na saye a wurinsa. Akwai sauran tambaya?"

Aka zuba mata. A gefe aka ajiye wasu dogayen abubuwa sirara, naɗe da ganye an ɗaure da zare. Hawa'u ta ɗauki ɗaya za ta gatsa, Mama Ndedi ta fizge.

"Akuya ce ke? Kwance shi! Miyondo ne, rogo ne."

Ta kwance, ta gutsura, ta dangwala, ta yi bisimilla, ta runtse ido kamar mai shan magani. Sai ta tsaya. Ɗaci-ɗaci kaɗan a farko, gyaɗar ta biyo baya ta lulluɓe shi, kifin ya taso, tsamin rogon ya ɗaure su duka. Ta buɗe ido.

"Wannan ai shuwaka ce!"

"Ndole."

"Shuwaka ce mana! Muna da ita a bayan ɗaki. Ya kika yi ɗacin ya kwanta haka?"

"Wanki bakwai. Hannun nan ne, ba inji ba."

Loma ta biyu ba wanda ya ce ta yi. Ta uku yaji ya kama ta, aka miƙo mata kofi na wani jan ruwa mai sanyi.

"Folere."

Ta kurɓa. Zoɓo ne, amma da abarba da citta mai yawa. Ta shanye, ta miƙa kofin a ƙara. Wani harbin ya tashi kusa, kwanon rufi ya amsa, ita kuwa tana suɗe yatsa.

"Hajiya, mai jego kika zo wa ko cikinki?" Mama Ndedi ta tuntsire da dariya, tana cika langa. Langar nan ce dai ta ranar suna.

Tare suka fito, tsohuwar ta yi gaba da jiƙaƙƙen tsumma a hanci. Khaulat ta ci har gumi ya keto mata, ta sha folere kofi biyu, barci ya kwashe ta. Mama Ndedi ta gasa mata ƙirji da tawul mai zafi, Hawa'u na jijjiga yaron. Sai bayan la'asar aka sake sa shi a nono. Ya kama, ya ja, bai saki ba. Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar haɗiyarsa.

Hawa'u ta wanke langar fes, ta zuba sauran daddawarta a ciki, ta miƙa da hannu biyu.

"Gobe zan zo ki nuna mini wankin nan bakwai."

Aka buga ƙofa. Ba bugun maƙwabci ba ne.

Wani dogon mutum ne da ba su taɓa gani ba, rigarsa a yage, baƙin mai har gwiwar hannu. Yana riƙe da hular Zakariya'u.

"Nan ne gidansa? Jandarma sun kwashe su a gareji, su goma sha ɗaya. Na san inda aka kai su. Wadda za ta bi ni ta ɗauko abinci, don a can ba a ba kowa."